Yadda Za a Taimaki Mutanen Unguwa Su Riƙa Motsa Jiki: Jagora ga Masu Aikin Lafiya a Arewacin Kamaru

A garuruwan arewacin Kamaru, daga Ngaundare zuwa Garwa, daga Marwa har Kusuri, da wuya mai hawan jini ko mai ciwon suga ya fito daga wurin likita ba a ce masa ya riƙa motsa jiki ba. Sai ya ce to, ya karɓi maganinsa, ya fita bakin asibiti ya tsayar da babur ya kai shi har ƙofar gida, ko da kuwa tafiyar ba ta wuce ta minti 10 a ƙasa ba. Shawarar da aka ba shi gaskiya ce, amma ba a faɗa masa adadi ba, ba a tsayar masa da lokaci ko wuri ba, kuma ya san babu wanda zai sake tambayarsa. Wannan jagora an rubuta ta ne domin ma'aikatan lafiya na unguwa, da 'yan kwamitin lafiya, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa, waɗanda suke son su wuce matakin nasiha su kafa wani abu da zai ɗore, bisa abin da bincike ya tabbatar yana aiki.

Mataki na 1: Ku riƙe adadin da ka

A watan Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na motsa jiki da rage yawan zama, bayan masana sun tace binciken shekaru masu yawa. Duk wanda zai yi wannan aiki ya kamata ya haddace su yadda zai iya faɗarsu a tsaye ba tare da takarda ba.

Babba daga shekara 18 zuwa 64 yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a kowane mako, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai ƙarfi, ko ya haɗa biyun, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Dattijo daga shekara 65 zuwa sama adadinsa ɗaya ne da na babba, sai dai an ƙara masa atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfin ƙafa aƙalla kwana 3 a mako domin kare shi daga faɗuwa. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 a kowace rana na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi, tare da wasannin guje-guje da tsalle-tsalle masu ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Mai juna biyu da mai jego, idan ba su da wata matsala da ungozoma ko likita ya hana su saboda ita, minti 150 na matsakaicin motsi ne nasu a mako.

Hanyar gane nauyin motsi ba ta bukatar na'ura. Idan mutum yana tafiya numfashinsa ya ɗaga, jikinsa ya ɗumama, yana iya hira da abokin tafiyarsa amma ba zai iya rera waƙa ko jan karatu da murya ba, to yana cikin matsakaicin motsi. Idan kuwa ba ya iya faɗin fiye da kalma biyu ko uku sai ya tsaya ya ja numfashi, ya shiga mai ƙarfi, kuma minti 1 na wannan yana daidai da minti 2 na wancan.

Akwai abu biyu a ƙa'idojin 2020 da suka fi amfani ga mutanenmu. Na farko shi ne an cire tsohon sharaɗin cewa motsi ba ya shiga lissafi sai ya kai minti 10 a jere, don haka tafiyar minti 5 zuwa masallaci ko zuwa bakin famfo ana ƙirga ta matuƙar an ɗaga ƙafa. Na biyu shi ne ba a ware wasanni kaɗai ba: noma, daka, jan ruwa a rijiya, tuƙa keke, sharar tsakar gida da ƙarfi, duk motsa jiki ne. Wannan yana kawar da tunanin da ya yi katutu cewa motsa jiki harkar ma'aikatan gwamnati ce masu fitowa da gajeren wando ranar Asabar.

Za a tambaye ku dalili, kuma kuna da shi. Tun a 1953 wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya gano cewa direbobin manyan motocin bas masu hawa biyu, waɗanda suke wuni a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da suke wuni suna hawa da sauka a matakalar motar. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon suga, da aka sa su motsa jiki na minti 150 a mako tare da gyara abinci da rage ƙiba, sun sami raguwar kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metformin, maganin ciwon suga, sun sami kashi 31. Ga mai hawan jini, tafiya mai sauri a kai a kai tana rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 5 zuwa 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma lissafa raguwar haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da sankarar mama da ta hanji, da ciwon damuwa, tare da samun barci mai daɗi, ta ce haɗarin mutuwa ga waɗanda ba sa motsi isasshe ya fi na masu motsi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Mataki na 2: Ku gano su wa suke zaune

Nan ne shirye-shirye da yawa suke ɓacewa tun ba a fara ba. Ƙididdigar duniya ta nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, wato mutum kusan biliyan 1.8, ba sa cika adadin da aka ambata, kuma mata sun fi maza, kashi 34 a kan 29. Amma wannan lissafin duniya ne, unguwarku kuwa tana da nata hali. Manomin auduga ko na dawar rani a karkarar Marwa, da mai turin kurar ruwa, da matar da take daka sau biyu a rana ta kuma ɗebo ruwa daga nesa, sun riga sun wuce minti 300 tun tsakiyar mako. Irin waɗannan abin da suke bukata shi ne hutu, da ruwan sha, da koyon ɗaga kaya ba tare da lahanta baya ba, kuma gayyatarsu tafiyar asuba rashin sanin halin da suke ciki ne.

Waɗanda ake nema su ne ɗan kasuwar da yake buɗe shago da hantsi ya zauna a kan benci har Magariba, da tela, da direba, da ɗan babur da yake wuni a kan sirdi yana ganin kamar ya yi aikin ƙarfi saboda gajiyar rana, da ma'aikacin ofis, da ɗan fansho, da matan cikin gida waɗanda injin niƙa da famfo da 'yar aiki suka ɗauke musu wahala ba tare da wani motsi ya maye gurbinta ba, da 'yan mata daga lokacin da suka fara girma aka ce su daina tsalle-tsalle.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takardar tambayoyi 16 da ake amfani da ita a binciken ƙasa, wadda ta raba motsi gida uku: na wurin aiki, na zirga-zirga, da na nishaɗi, sannan ta tambayi awannin zama. A matakin unguwa kuna iya taƙaita ta. Ku zaɓi gidaje 30 zuwa 50 daga sassa daban-daban, ku tambayi kowane babba: a makon da ya wuce kwana nawa ya yi aikin da ya ɗaga masa numfashi, minti nawa a kowace rana, kwana nawa ya je wani wuri a ƙasa ko a keke, kuma awa nawa yake yi a zaune ko a kishingiɗe ban da barci. Mace ce za ta tambayi mata, a cikin gida, ba a gaban maigida ba. Ku rubuta watan da kuka yi tambayar, domin amsar da za a ba ku a Agusta lokacin noma dabam take da ta Fabrairu. A ƙarshe ku ƙara tambaya guda wadda ta fi sauran daraja: me yake hana ka? Za ku ji zafi, da ciwon gwiwa, da kunya, da rashin izini, da tsoron babura a hanya, da rashin abokin tafiya. Shirinku amsa ce ga waɗannan dalilai, don haka ku rubuta su da kalmomin masu su.

Mataki na 3: Ku zaɓi abin da aka gwada aka ga yana aiki

A 2018 ƙasashen da suke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Kamaru da Cadi, sun amince da shirin shekara 12 na rage rashin motsa jiki da kashi 15 cikin 100 zuwa 2030. Shirin ya tsaya a kan ginshiƙai 4: sauya tunanin al'umma, gyara muhalli, samar da shirye-shirye ga mutane, da ƙarfafa tsarin gwamnati. Akwai kuma wani kwamitin masana mai zaman kansa da gwamnatin Amurka ta kafa a 1996, wanda aikinsa shi ne tace bincike ya faɗi wace dabarar lafiyar al'umma ce take da hujja. A fannin motsa jiki ya goyi bayan ƙungiyoyin tafiya da tsarin abokin tafiya, da shirin da ake tsara wa mutum gwargwadon halinsa, da inganta darasin wasanni a makaranta, da samar da wurin motsa jiki haɗe da kiran mutane zuwa gare shi, da gangamin gari gaba ɗaya wanda ya haɗa sanarwa da ayyuka a ƙasa. Game da sanarwar kafofin watsa labarai ita kaɗai kuwa, ya ce hujjar da ake da ita ba ta isa a ce tana sa mutane motsi ba.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin abin da muka fi saurin yi ke nan: a biya kuɗin sanarwa a rediyo, a buga riguna, a yi tattaki guda da manyan gari a gaba, a ɗauki hoto, a watse. Rediyo da huɗubar Juma'a suna da amfani idan suna kiran mutane zuwa wani abu da yake da rana da wuri da jagora. Idan kuɗinku kaɗan ne, kamar yadda ya saba zama, ku zuba shi a abu biyu: ƙungiyoyin tafiya na unguwa, da gajeriyar shawara a cibiyar lafiya wadda ake bibiya. Yawancin binciken nan an yi shi ne a ƙasashe masu sanyi da hanyoyin masu tafiya a ƙasa, shi ya sa matakan da suka biyo baya duk na daidaita shi da yanayinmu ne, shi ya sa kuma dole ku riƙa auna sakamakonku da kanku.

Mataki na 4: Ku shiga ta ƙofa

Kafin ku kira kowa, ku sanar da shugaban cibiyar lafiya ta yankinku da kwamitin lafiya, sannan ku je gaisuwa wurin mai unguwa, wato jauro ko lawan ko bulama, da Sarkin Hausawa inda akwai shi, da limamin unguwa. Ku tafi da sakamakon tambayoyinku a takarda guda. Abin da za ku roƙa ƙayyadadde ne: izinin amfani da filin makaranta ko harabar wani gida, sanarwa bayan salla, da dattijo ɗaya mai mutunci da zai yarda ya fito cikin sahun farko. Inda aka ga Alhaji wane da jallabiyarsa da carbinsa yana tafiya da sauri bayan Asuba, kunyar sauran takan ragu ƙwarai.

Mataki na 5: Ku tantance kafin a fara

Yawancin mutane suna iya fara tafiya a hankali ba tare da ganin likita ba, kuma bai kamata a mayar da tantancewa wani shinge ba. Duk da haka ku auna jinin kowa a ranar rajista, ku yi masa tambayoyi kaɗan. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 ko ya wuce, da mai jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi idan ya yi ɗan aiki, da mai suma ko jiri, da mai kumburin ƙafafu, da mai gyambo a ƙafa, da mai juna biyu da take ganin jini ko aka ce cikinta yana da matsala, duk a tura su asibiti tukuna. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 yana iya shiga tafiya, amma a tura shi a sake aunawa a tabbatar.

Mai ciwon suga yana bukatar kulawa ta musamman. Ya sa takalmi rufaffe mai laushi, ya zazzage shi kafin ya sa saboda tsakuwa ko ƙaya, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu bayan kowace tafiya, domin cutar tana kashe jin zafi har mutum ya ji rauni bai sani ba. Idan yana allurar insulin ko yana shan ƙwayar maganin suga mai suna glibenclamide, kada ya fita da yunwa, kuma ya riƙe ƙwayar suga 3 ko dabino a aljihu. Rawar jiki, da gumi mai sanyi, da yunwa kwatsam, da ruɗewa alamu ne na faɗuwar suga, sai a zaunar da shi a ba shi abin zaƙi nan take. Ku nanata wa kowa cewa tafiya ba ta maye gurbin magani, kuma likita ne kaɗai zai rage wa mutum ƙwaya idan awonsa ya gyaru.

Mataki na 6: Ku kafa ƙungiyar tafiya

Mutum 8 zuwa 15 sun isa ƙungiya, kuma ya fi kyau su kasance waɗanda da ma suna haɗuwa: 'yan sahun Asuba na masallaci ɗaya, 'yan majalisar shayi, 'yan layi ɗaya a kasuwa, 'yan adashi. Ku naɗa jagora da mataimaki, ku haɗa mutane biyu-biyu yadda kowa yana da wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ko ya kira shi a waya idan bai fito ba. Wannan haɗin biyu-biyu shi ne ƙashin bayan shirin, domin mutum yana iya saɓa wa kansa alkawari cikin sauƙi, amma yana jin nauyin barin maƙwabcinsa tsaye a bakin zaure.

Jagora ya fara bin hanyar shi kaɗai da agogo, ya san inda minti 5 yake da inda minti 15 yake, ya kauce wa manyan tituna masu babura da wuraren da karnuka suke. A Marwa titunan da darbejiya ta yi wa rumfa sun dace, haka ma gefen mayo, wato rafi, idan ya ƙafe da rani, ko da yake tafiya cikin yashi tana da nauyi ga mai ciwon gwiwa. A Garwa kewayen filin wasa na Rumde Ajiya da filayen makarantu suna da faɗi. A Ngaundare, inda tudu ya sa iska ta fi sanyi, matasa suna iya hawan dutsen gari, dattawa kuwa su tsaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A yankunan kan iyaka da suke fama da matsalar tsaro, a tsaya cikin gari, a jira gari ya waye sosai, a kuma bi dokar da hukuma ta sa.

A mako 2 na farko a yi minti 10 zuwa 15, kwana 3 a mako. Daga nan a riƙa ƙara minti 5 a kowane mako har a kai minti 30, sannan a ƙara kwanaki zuwa 4, zuwa 5. Cikin wata 2 zuwa 3 an kai minti 150. Kowace tafiya a fara ta da minti 5 a hankali, a rufe ta da minti 5 a hankali. Masu ƙarfi za su so a yi sauri tun makon farko, jagora ya tuna musu cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma ya sa mataimakinsa a bayan sahu tare da mai jinkiri, domin wanda aka bari a baya sau biyu ba ya dawowa.

Kwana 2 a mako a ƙara minti 10 na ƙarfafa tsoka bayan an dawo. A zauna a benci a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba sau 8 zuwa 12, a dafa bango da hannu biyu a matsa a ture sau 8 zuwa 12, a ɗaga galan mai lita 2 zuwa 5 na ruwa, tun da lita 1 kilo 1 ce, a huta a maimaita. Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa, musamman ga mai hawan jini. Dattawa su ƙara tsayuwa da ƙafa ɗaya suna dafe da bango, da tafiya a layi ɗaya diddige yana taɓa yatsu.

Sai batun yanayi, wanda shi ne yake kashe ƙungiyoyi. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Kusuri yana wuce digiri 40, don haka babu tafiya tsakanin hantsi da La'asar sakaliya. Bayan sallar Asuba ne lokaci mafi kyau, sai kuma dab da Magariba ko bayan Isha'i inda akwai haske. Kowa ya sha ruwa kafin ya fito ya kuma riƙe gora, ya sa tufafi masu sauƙi marasa duhu. Ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da murɗewar tsoka alamu ne na a tsaya a shiga inuwa a sha ruwa. Idan mutum ya fara sambatu ko ya faɗi jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, masu asma da dattawa su yi nasu a cikin gida. Da damina a tanadi zaure ko ajin makaranta tun kafin ruwa ya sauka. Da azumi a rage tsawon tafiya a mayar da ita bayan buɗa-baki, kuma zuwa sallar asham a masallaci mai ɗan nisa da ƙafa yana cike gurbi mai yawa. Abu ɗaya da ya kamata jagora ya faɗa a fili shi ne shayin bayan tafiya: idan za a zauna a sha zagaye uku da suga kamar yadda aka saba, mai ciwon suga ya rushe rabin abin da ya gina, don haka a rage sugan ko a ware masa nasa.

Mataki na 7: Mata, a inda suke

Shirin da ya tsaya a kan titi ya bar rabin unguwa a baya, kuma rabin da ya fi bukata. Matan da ba sa fita sai da dalili a kai musu shirin cikin gida. A nemi gida mai faɗin tsakar gida, uwargidan ta karɓi baƙuncin maƙwabta 6 zuwa 10, a rufe ƙofa, jagorar ta kasance mace. Zagaya tsakar gida da sauri, da taka dakali a sauka, da tashi-zauna a kujera, da gaɗa da tafi irin wanda kowace ta sani tun ƙuruciya, suna kai mace matsakaicin motsi cikin minti kaɗan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora girkin rana. Ranar zubin adashi da ranar Islamiyyar matan aure dama ce da aka riga aka samu izininta, sai a ƙara minti 20 a farko ko a ƙarshe, a kuma ƙarfafa zuwa can da ƙafa cikin rukuni. Maza su ji bayanin daga bakin liman ko jauro tun da wuri, domin mata da yawa ba za su tambayi izinin abin da maigida bai taɓa jin labarinsa ba.

Game da masu juna biyu, akwai tsoron cewa motsi yana zubar da ciki. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tace bai nuna ƙarin haɗarin ɓari ba ga mai lafiyayyen ciki, ya ma nuna raguwar hawan jini da ciwon suga na lokacin ciki. Ta guji zafin rana, ta sha ruwa, ta kauce wa abin da zai iya kayar da ita, kuma bayan wata 3 na farko ta daina atisayen da ake yi a kwance rigingine. Idan ta ga jini ko ruwa, ko ta ji ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko jiri, ta tsaya ta tafi awo.

Mataki na 8: Minti 3 a ɗakin duba marasa lafiya

Ma'aikacin jinya ba shi da lokaci, amma gajeriyar shawara mai tsari tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a saka a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Tsarinta shi ne a tambaya, a ba da shawara, a yi yarjejeniya, a taimaka, a sa ranar dawowa. Ga yadda take kasancewa:

"Baba, a makon nan da ya wuce, kwana nawa kuka yi tafiyar da ta ɗan ɗaga muku numfashi?"

"Wallahi ɗana, daga gida sai shago, kuma yaro ne yake kai ni a babur."

"To Baba, jininku ya hau, kuma tafiya tana taimaka wa maganin nan ya yi aiki. Daga gida zuwa shago minti nawa ne a ƙasa?"

"Bai fi 15 ba."

"Za ku iya zuwa da ƙafa da safe kwana 3 a mako, yaro ya ɗauko ku da yamma?"

Idan ya amince, a rubuta yarjejeniyar a littafin asibitinsa kusa da maganin, da kwanakin da ya zaɓa da bakinsa, a gaya masa sunan jagoran ƙungiyar unguwarsu, kuma ranar da ya dawo karɓar magani tambayar farko ta kasance a kan tafiyar. Idan bai yi ba, kada a yi masa faɗa, a tambayi abin da ya hana a rage adadin zuwa abin da zai iya.

Mataki na 9: Yara da 'yan mata

Binciken duniya da aka fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun minti 60 a rana, kuma 'yan mata sun fi yawa a ciki. A makaranta abin da za ku nema shi ne kada a mayar da darasin wasanni lokacin shara ko kwafar rubutu, kuma a tsara shi yadda yara za su yi aƙalla rabin lokacin suna motsi, maimakon su tsaya a layi suna jiran ƙwallo ɗaya. Langa, da tsallen igiya, da gaɗa, da tsere ba sa cin ko sisi. Malaman allo da na Islamiyya su ba da ɗan hutun wasa tsakanin karatu, 'yan mata kuma a ware musu fili da lokaci da malama. Ga ƙanana, ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun ce ɗan shekara 1 zuwa 4 yana bukatar minti 180 na wasa a rana, kada a ɗaure shi wuri ɗaya, ko a goye, fiye da awa 1 a jere, kada a ba wanda bai kai shekara 2 ba waya ya yi kallo, daga 2 zuwa 4 kuma kallon kada ya wuce awa 1.

Mataki na 10: Ku rubuta, ku auna, ku gyara

Littafi ɗaya mai layi ya isa. A rubuta sunaye a gefe, ranaku a sama, a sa alama ga wanda ya zo da mintocin da aka yi. Sau ɗaya a wata a auna jini da nauyi da faɗin ƙugu. Kada ku yi wa kowa alkawarin ramewa, domin tafiya ita kaɗai ba ta cika rage nauyi sosai ba, kuma wanda ya zo don sikeli zai karaya ya bari alhali jininsa da sugansa da barcinsa suna gyaruwa. Ku nuna masa waɗannan.

Bayan wata 3 ku koma gidajen da kuka fara tambaya ku maimaita tambayoyin, ku lissafa mutum nawa ne suka kai minti 150 a da da yanzu, maza dabam mata dabam. Duk wanda ya yi mako 2 bai zo ba, abokin tafiyarsa da jagora su je gaishe shi su ji dalili, domin daga bakin waɗanda suka bari ne za ku san ko lokacin ne bai dace ba, ko hanyar, ko saurin. Sakamakon a kai shi ga shugaban cibiyar lafiya domin ya shiga rahoton gundumar lafiya, a kai kwafi ga jauro da ofishin magajin gari tare da buƙata guda ƙayyadaddiya wadda littafin ya nuna, ko fitila a wata kwana, ko yashe kwatar da ta tare hanya, ko buɗe filin makaranta da yamma, ko dasa darbejiya a gefen hanyar da ƙungiyar take bi. Idan ƙungiya ta wuce mutum 15, a raba ta biyu, mataimaki ya zama jagoran sabuwar, kowannensu kuma ya zaɓi sabon mataimaki a ba shi nasa littafin.